Yadda ake gano dalilin misin a injin mota, a kuma gyara shi a gida

Motar da take misin ba ta ɓoye halinta. Idan aka tsaya a danja sai sitiyari da kujera su riƙa kakkarwa, idan aka taka totur motar ta riƙa fizga, ƙarfinta ya ragu a hawa, shan manta ya ƙaru, wani lokaci ma a ji warin ɗanyen fetur daga salansa. Abin da yake faruwa shi ne ɗaya daga cikin silindojin injin ta daina ƙona mai yadda ya kamata, sauran suna janta. Kowace silinda tana buƙatar abubuwa uku kafin ta yi aiki: tartsatsin wuta daga filogi, cakuɗar mai da iska daidai gwargwado, da kuma matsi mai kyau lokacin da fistin ya hau sama. Duk misin daga rashin ɗaya daga cikin ukun nan yake fitowa, saboda haka aikin mai mota shi ne ya gano silindar da ta gaza da abin da ta rasa kafin ya sayi ko da kusa ɗaya. Mutane da yawa suna sayen filogi huɗu da koyil huɗu (abin da yake ba filogi wuta), a wanke musu nozul (abin da yake fesa mai wa silinda), alhali abu ɗaya ne ya lalace, kuma a ganina wannan asara ce da minti talatin na bincike za su iya hanawa.

Bayanin nan ya fi dacewa da motoci masu silinda huɗu da suka cika hanyoyinmu, irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord na shekarun 2000, waɗanda kowane filogi yake da nasa koyil a kansa. A fara duba fitilar gargaɗi mai hoton inji da take gaban direba. Idan fitilar ta kama ta tsaya cak ba ta ƙyaftawa, ana iya lallaɓawa a kai motar gida. Idan kuwa ƙyaftawa take yi, misin ɗin ya yi tsanani, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin katalis ɗin salansa, wato matatar hayaƙi, ya ƙone a can, zafin kuma yana iya narkar da cikinsa, ga shi kuɗinsa ya ninka na koyil sau da yawa. A irin wannan hali a rage gudu, a daina taka totur da ƙarfi, a tsayar da motar da zarar an samu wuri.

Hanya mafi sauƙi ta sanin silindar ita ce a tambayi kwamfutar motar. Tun daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da tsarin OBD-II, wanda kwamfutar mota take bayyana matsala da shi ta hanyar lambobi, masu fetur na Turai kuma suka biyo baya a 2001, don haka yawancin motocin da ake shigo mana da su suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura irin ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ta isa karanta lambobin. P0301 tana nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har P0304. A waɗannan injuna ana fara ƙirga silinda daga ɓangaren da bel yake, a ƙare a ɓangaren giya. Wanda ba shi da na'urar sai ya bar injin a silo, ya riƙa zare soket ɗin wayar nozul ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Silinda mai lafiya idan aka yanke mata mai rawar injin ƙaruwa take yi, wadda kuwa aka zare nata ba a ji wani canji ba, ita ce dama ba ta aiki. Na fi son a zare na nozul a kan na koyil, domin ta haka ɗanyen mai ba zai tafi salansa ba.

Da zarar an san silindar, sai a kashe injin a bar shi ya huce sosai, saboda kan injin na alminiyam ne, kuma kwance filogi da zafi yana iya cinye zaren ramin. A nan ne dabarar musanya take aiki, kuma ba ta cin ko kwabo. A ce lambar P0302 ce. A kwance ƙaramin noti na koyil da sifana mai lamba 10, a ɗauki koyil na silinda ta biyu a musanya shi da na ta uku, sannan a kwance filogin ta biyu da sifanar filogi mai lamba 16 a musanya shi da na ta huɗu. A goge lambar, a tayar da motar, a ɗan zaga da ita. Idan sabuwar lamba ta zama P0303, koyil ne ya mutu, shi kaɗai za a saya. Idan ta zama P0304, filogi ne. Idan ta tsaya a P0302, to wutar ba ta da laifi, sai a koma kan wayar soket ɗin, nozul, ko matsi.

Kafin a mayar da filogi a tsaya a dube shi da kyau, domin bakinsa yana ba da labarin abin da yake faruwa a cikin silinda. Launin ƙasa-ƙasa mai haske alamar lafiya ce. Baƙin hayaƙi busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, filogi jiƙe da fetur yana nuna babu wuta gaba ɗaya, wanda kuwa bakinsa ya yi danƙo da baƙin mai yana nuna zoben fistin ko robar bawul ta gaji. Filogin da ya fita daban da sauran don tsabta, kamar an wanke shi, abin tsoro ne, domin sau da yawa ruwan lagireto ne yake shiga silindar. A leƙa cikin ramin filogin kuma. Idan baƙin mai ya taru a ciki, robar murfin saman inji ce take yoyo, kuma muddin ba a canza ta ba sabon koyil ma zai bi sawun tsohon. Haka nan misin ɗin da ya fara bayan an wanke inji da famfo mai ƙarfi ko an ratsa ruwa da damina, yawanci ruwa ne ya kwanta a ramin, busar da shi kawai ake yi.

Idan sayen filogi ya kama, a sayi lambar da littafin motar ya faɗa, na Denso ko NGK, daga shagon da aka amince da shi, saboda jabu sun yi yawa a kasuwa kuma kwalinsu ya yi kama da na asali ƙwarai. Tazarar bakin filogi a yawancin waɗannan injuna milimita 1.1 ce, kuma na iridiyam ba a matsa bakinsu da ƙarfe domin tsinin siriri ne, yana karyewa. A fara ɗaura filogi da hannu har ya zauna, sannan a ƙarasa da sifana ba tare da an danne da ƙarfin tsiya ba. Filogi dai gara a canza duka huɗun tare, tun da tare suka tsufa.

Masu tsofaffin motoci irin Golf 3 da Peugeot 504, waɗanda suke da distiributa da wayoyin filogi, su tayar da injin cikin duhu su duba ko shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikin wata waya, su kuma buɗe murfin distiributa su nemi tsagewa ko laima. Kada a kama waɗannan wayoyi da hannu inji yana aiki, domin wutarsu ta kai dubban bolt.

Nozul ana sauraronsa ne da dogon sukudireba, a ɗora bakinsa a jikin nozul, a kara mariƙin a kunne. Mai aiki yana ƙas-ƙas ba yankewa, wanda ya yi shiru ko dai ya mutu ko wuta ba ta isa gare shi. Wanda ya toshe yana iya yin ƙarar amma mai ba ya fita sosai, shi ma musanya ce take tona shi, sai dai wannan aiki ne na wanda ya iya sauke matsin layin mai, kuma a yi shi nesa da wuta da taba.

Lambar P0300 daban take, domin tana nuna misin yana yawo tsakanin silindoji, wato abin da ya lalace abu ne da duk silindojin suke amfani da shi tare. A tuna inda aka sha mai na ƙarshe. Masu mota a Nijeriya ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shiga gidajen mai ya tsayar da motoci, kuma man da ake saye a galan a bakin hanya yana iya zuwa da ruwa ko datti. Bayan mai sai a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu take cikawa da wuri, da na'urar auna iska da take kusa da ita, sannan a bi tiyoyin iska a nemi wanda ya tsage, musamman idan lambar P0171, wadda take nuna iska ta yi wa mai yawa, ta fito tare da P0300. Motar da take lafiya a silo amma take shaƙewa a hawa, a zargi famfon mai ko matatarsa.

Idan wuta da mai duk sun wuce gwaji, saura matsi. Ana cire filogi duka, a zare fiyus na famfon mai, a ɗaura ma'aunin matsi a kowane rami, a danne totur har ƙasa a juya injin da makulli. Silindar da ta gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin 100 tana da matsala. A zuba baƙin mai kamar cokalin shayi a ramin a sake aunawa: idan matsin ya tashi, zoben fistin ne, idan bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Silindoji biyu maƙwabta da suka faɗi tare, da ruwan lagireto mai raguwa ba tare da yoyo ba, da farin hayaƙi mai kauri, duk suna nuna gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wannan ya wuce aikin gida, sai gareji, kuma a tafi wa makanike da lambobin da aka karanta da sakamakon kowane gwaji, domin ya fara daga inda aka tsaya.