Kurakuran da masu wankin ƙoda suka fi yi a gida da yadda za a gyara su

Injin wankin ƙoda yana aiki ne kimanin awa huɗu a kowane zama, sau uku a mako ga wanda ya samu cikakken wanki, wato awa 12 daga cikin awa 168 na mako. Sauran lokacin majinyaci yana gida, kuma a can ne ake yin kurakuran da ke mayar da mutane asibiti da tsakar dare.

Wanda ya fi yawa shi ne ɗauka cewa ruwan randa kaɗai ne ruwa. Kunu da koko da fura da shayi da romo da kankana duk suna cikin lissafi, kuma idan ƙoda ta daina fitar da fitsari, ruwan yakan taru a ƙafafu da huhu har numfashi ya gagara in an kwanta. Likitoci sukan ƙayyade kimanin rabin lita a yini, a ƙara da adadin fitsarin da mutum ya yi. Dabara mafi sauƙi ita ce a auna ruwan yini a gora ɗaya da safe, duk lokacin da aka sha kofin kunu sai a zubar da daidai shi daga gorar. Ƙishirwar kanta gishiri ne ke rura ta, don haka wanda bai rage gishiri da dunƙulen girki da kanwa da kilishi ba, ba zai iya riƙe ƙa'idar ba, musamman a zafin bazara. Tsotsar ƙanƙara ƙarama da kurkure baki suna taimakawa. Kowane kilo da ya ƙaru a nauyin jiki tsakanin wanki da wanki kusan lita ɗaya ce ta ruwa.

Sai sinadarin fotasiyam, wanda ya fi ba ni tsoro domin yakan hau ba tare da wata alama ba har ya tsayar da zuciya. Yana da yawa a dabino da ayaba da lemu da dankali da tumatir, abubuwan da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya. A yanka dankali da ganye ƙanana, a tafasa su da ruwa mai yawa a zubar da ruwan, kuma a guji gishirin da ake tallatawa ga masu hawan jini, domin fotasiyam ne a cikinsa. Mai son yin azumi ya fara tuntuɓar likitansa.

Wasu kuma suna ci gaba da ƙaurace wa nama da ƙwai da kifi kamar yadda aka umarce su kafin a fara wanki, alhali injin yana tafiya da wani abu na sinadaran gina jiki, mai wanki kuwa yana buƙatar ƙari.

Tsallake wanki ba kullum ne sakaci ba, sau da yawa rashin kuɗi ne, kuma ba daidai ba ne a zargi wanda ya sayar da gonarsa don ya rayu. A 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, ya kamata iyalai su bincika ko na kusa da su yana ciki. Kuskuren da ke hannun majinyaci shi ne fashi don ya ji sauƙi, ko neman a cire shi daga injin kafin lokaci ya cika, ko maye gurbin wanki da jiƙo da sassaƙe. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ma suna ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙoda.

Hannun da aka haɗa jijiya domin wanki kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a kansa, kada a ɗaura masa agogo mai matsewa, kada kuma a yi matashin kai da shi. Kowace safiya a ɗora yatsu a ji ɗan zirin motsin jini, idan ya ɗauke a tafi asibiti a ranar. Wanda aka sa wa robar wanki a wuya ko ƙirji kada ya bari ruwan wanka ya taɓa ta, kuma zazzaɓi ko rawar sanyi a wurinsa ba abin da za a kai kemis a ce maleriya ba ne, sashen wankin ƙoda za a nufa kai tsaye.