Yadda Ake Taimakon Wanda Jelifish ko Furen Teku Ya Harba

Wanda ya tashi a Arewa ya san harbin kunama da na rina. Amma idan fatauci ko karatu ya kai shi Legas ko Akara, ko bakin Bahar Maliya, akwai harbin da dabarun gida ba sa yi masa magani, wasu ma ƙara shi suke yi. Jelifish (wata halittar teku mai laushin jiki da zare-zare a rataye), da furen teku (halitta mai kama da fure) da ke manne a jikin duwatsu, da murjanin wuta (halitta mai taurin jiki kamar dutse da ke zaune a cikin teku), duk dangi ɗaya ne, makaminsu ma iri ɗaya.

A jikin zare-zarensu akwai dubban ƙananan ƙwanso da ido ba ya gani. Cikin kowanne akwai dafi da siririn bututu a nannaɗe, a matse da ƙarfin da ya kai kusan ninki 150 na matsin iskar da muke ciki. Da an taɓa shi sai murfinsa ya buɗe, bututun ya huda fata kafin ƙiftawar ido. Sau ɗaya tak kowanne yake harbi. Lokacin da mutum ya fito daga ruwa yana ihu, da yawa daga waɗanda suka manne masa ba su fashe ba tukuna, tarko ne a ɗane. Aikinka na farko shi ne hana su tashi.

Ka fara fitar da shi daga ruwa, ka zaunar da shi, ka riƙe masa hannu kada ya sosa. Kada a goge wurin da tawul ko yashi. Kada kuma a zuba ruwan leda ko na famfo, domin ruwan da babu gishiri yana iya fasa sauran ƙwanson. Ruwan tekun nan da ke gabanka shi za ka ɗebo ka yi ta kwarara masa.

Sai ka tsince zaren da ya maƙale da hantsaki. In babu, ka sa hannunka cikin leda, ka ɗaga su a hankali, ban da kankarewa.

Maganar zuba ruwan khal (binega) a wurin harbin tana son natsuwa. A arewacin Ostareliya, inda jelifish mai siffar akwati ke kashe mutane, ana zuba shi na aƙalla daƙiƙa 30, don yana hana ƙwanson da suka rage fashewa. Ba ya kashe dafin da ya riga ya shiga jiki, kuma akwai nau'in da yake tunzurawa. A ganina, in ba ka gane abin da ya yi harbin ba, tsaya a kan ruwan teku, ko ka tambayi masuntan wurin. Fitsari da ake yawan faɗa, ba shi da wani amfani.

Bayan an tsabtace fatar tas, sai a tsoma wurin cikin ruwan zafi na digiri 40 zuwa 45, na minti 20 ko fiye. Ka fara gwadawa da naka hannun, don mai jin raɗaɗi ba zai gane yana ƙonewa ba. A ba shi farasitamol. Ban da ɗaure hannu da tsumma, ban da tsaga da reza.

Idan numfashi ya yi wuya, ko leɓe da fuska suka kumbura, ko ƙirji ya riƙe, ko harbin ya samu ido, ko yaro ne ya sha harbi mai faɗi, a garzaya asibiti. A ci gaba da sa masa ido ko da ya ce ya ji sauƙi, domin akwai wani ƙaramin jelifish da ake kira Irukanji, wanda ciwon baya da amai da zufa ba sa bayyana sai bayan kamar minti 30 da harbinsa. Jelifish ɗin da igiyar ruwa ta watso kan yashi kuwa, ko ya mutu yana harbi, a hana yara ɗaukarsa.