Shawara ga masu zuwa yawon cikin birnin Kano na yini ɗaya

Jama'a, duk wanda zai zo ganin ganuwa da tsohon birni, ya nemi ɗan jagora haifaffen cikin gari, ku yi tsada tun kafin a tashi, har da kuɗin adaidaita sahu na yinin.

Ku fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta take. Daga sama za ku ga yadda birnin ya shimfiɗu, sai bayanin jagora ya zauna muku. Ganuwar nan Sarki Gijimasu ne ya ɗora harsashinta, tsakanin 1095 da 1134, amma yau wurare da yawa ta zaizaye, wasu an yi gini a kanta, abin da ciwo. Ku ce wa jagoran ya kai ku inda ta rage da tsayinta.

Marinar Ƙofar Mata kada ku yi mata gaggawa. Ku tsaya ku ga yadda ake tsoma zane a rijiyar baba, a ɗaga shi ya sha iska, launinsa ya juya daga kore-kore zuwa shuɗi, sannan ku leƙa wurin masu bugu, wato masu dukan zanen don ya yi sheƙi. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, ku kuma sayi wani abu, sana'arsu ce.

Gidan Makama, wato gidan adana kayan tarihi, sai da rana, akwai inuwa. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Rumfa ya kafa, lungunanta na da ɓatarwa, kada ku rabu da jagoranku.

Kada ku zo ranar Juma'a, domin hanyoyin fada da babban masallaci kan cushe. Ku riƙe ruwa da canji.