Kurakuran da ake yi wajen ƙera wa makafi na'urar karatu mai araha

Kusan duk shekara sai an ji wasu ɗaliban injiniya sun haɗa na'urar da za ta karanta wa makaho littafi a kan kuɗi kaɗan. A yi musu tafi, a ba su kyauta, shekara ta zagayo ba ka ga makaho ko ɗaya riƙe da ita ba. In ka bi diddigi, mai ido ne ya zana ta, mai ido ya gwada, mai ido ya ce ta yi.

Gwajin da aka fi yaudarar kai da shi shi ne a ɗaure wa aboki ƙyalle a fuska a miƙa masa na'ura. Wanda aka rufe wa ido na minti goma a ruɗe yake, yatsansa bai san komai ba, alhali wanda ya shekara ashirin yana karanta rubutun makafi, wato ɗigogi masu tudu da ake shafawa da yatsa, zai gane ɗigon da ya gaza tsawo tun a layin farko. A sa makafi cikin aikin tun kafin a sayi kayan haɗi ko guda, a kuma biya su ladan lokacinsu. Kada a tsaya kan mutum ɗaya: wanda aka haifa da makanta daban, dattijon da ciwon suga ya tafi da ganinsa ya kuma dusashe masa jin yatsa daban. Kamfanin Bristol Braille na Ingila haka ya yi da na'urarsa Canute 360, mai layi 9 kowanne da gurbin harafi 40. Masu karatun ne suka yi ta gwada samfuri bayan samfuri.

Sai ɗigon kansa, inda akasarin ayyuka ke mutuwa. Tsarin da Louis Braille ya wallafa a 1829 ɗigo shida ne a gurbi, an auna shi daidai kan yatsa. Tsawon ɗigo kusan rabin milimita, tsakanin ɗigo da ɗigo kusan milimita 2.5. Masu ƙira sukan ƙara girman gurbin don injinan da suka samu da araha ba sa shiga ƙaramin wuri, su ce ai ma ya fi sauƙin ji. Bai fi ba. Da zarar gurbi ya fi kan yatsa faɗi, sai mai karatu ya riƙa yawo sama da ƙasa yana ƙirga ɗigo, karatu ya koma aikin lissafi. Haka ɗigon da ke nutsewa in an taɓa shi, da wanda na'urar buga abubuwa ta 3D ta buga da kaushi har yana cin fata.

Tsadar na'urorin da ke kasuwa tana da dalili. Kowane ɗigo yana da nasa siririn tangaran da ke lanƙwasa in lantarki ya bi ta cikinsa, kuma layi mai gurbi 40 da ɗigo takwas-takwas (na'urorin kan ƙara biyu a kan shidan) na nufin guda 320, shi ya sa kuɗinsu ke kai dubban daloli. Mai neman araha yakan koma ga maganaɗisun lantarki, ya manta cewa riƙe ɗigo a sama na shan batir yana kuma ɗaukar zafi. Maganin shi ne ɗan makulli da zai riƙe ɗigon bayan ya tashi, wuta ta yi aiki lokacin canza layi kawai. Orbit Reader 20, wadda ƙungiyoyin makafi irin su RNIB da APH suka haɗa kuɗi aka samar, ta fito a ƙasa da dala 500. Abin da ta sadaukar shi ne sauri da shiru: layinta kan ɗan ɗauki lokaci yana canzawa, da 'yar ƙara. Dole a rasa wani abu, amma masu karatu ne za su zaɓi wanne. Abin da ni dai ban yarda da shi ba shi ne na'ura mai gurbi ɗaya tak da haruffa ke canzawa a ƙarƙashin yatsa a tsaye. Da tafiyar yatsa ake karatun nan.

Na'urori masu kyamara da murya kuwa, matsalarsu saiti. Makaho ba ya ganin ko rabin shafi ya fita, ko takardar a kife take, ko ɗakin da duhu. A kafa kyamarar a kan sanda, a yi kusurwar da takarda za ta tokara, a sa wa na'urar fitilarta. Kafin duk wannan ma a gwada ta da wayar hannu, domin manhajojin Seeing AI na Microsoft da Lookout na Google kyauta suke karanta takarda. Na'urar da ba ta fi su ba, ƙarin kaya ce a jaka. Inda za ta iya fin su shi ne maɓallai na gaske masu siffa daban-daban, da aiki ba intanet, ta yadda sakamakon asibiti ko takardar banki ba za su bar ɗaki ba. Manhajojin Tesseract (mai gane rubutu a hoto) da eSpeak NG (mai karantawa da murya) suna gudana a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, sai dai a gwada su da harshen mai karatun, ba Turanci kaɗai ba.

Abin takaici, har yau ana samun na'urar da ƙaramar fitila ce kawai ke nuna tana kunne ko caji ya ƙare. A sa sauti ko girgiza.

Kada a ɓata wata shida ana rubuta manhajar juya rubutu zuwa ɗigo. Liblouis na nan kyauta, da ita NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi allon kwamfuta, ke aiki. A bar na'urar ta karɓi fayilolin BRF (na rubutun makafi) da EPUB (na littattafai) ta katin ajiya.

Kuskuren lissafi kuma shi ne a tara kuɗin kayan haɗi a kira shi farashi. Ƙura da gumin yatsa suna toshe ɗigo, kuma ɗigo ɗaya in ya maƙale, harafi ya zama wani. Wa zai gyara, a ina, da nawa? Na'urar karatun makafi ta Optacon da aka fara sayarwa a 1971 an daina ƙera ta a 1996, masu ita suka yi shekaru suna farautar tsofaffi don ciro kayan gyara. A ɗaure akwatin da sukuru maimakon gam, a yi gurabe da za a iya zarewa a musanya, a zaɓi batirin da kowane mai gyaran waya ya sani, a kuma saki zanen ƙirar a fili don wani ya ɗora ko da kamfanin ya rufe.