Abubuwan da ke ɓata mana gato da makala a gida, da gyaransu

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tun ƙaramar sallah maganar nan take cina, don gidajen da na shiga barka da sallah a nan Garwa ta Kamaru kusan duk inda aka ajiye min faranti sai uwargida ta hau ba ni haƙuri, wai gaton, wato kek, bai tashi ba, ko ƙasan ya ƙone, ko makalar, wato fanke, ta sha mai, ƙarshe ta ce "ni dai ba ni da hannu". Wallahi ba hannu ba ne. Kuma abin yana min ciwo, fulawa da ƙwai da suga ba na zubarwa ba ne a wannan zamanin.

Babbar matsalarmu lebir ce. Da yake da Faransanci muke sayayya, abu biyu ne daban amma a bakin mai shago duk lebir ne. Akwai na burodi, wato yis, 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa, shi abu ne mai rai, sai ya sami suga da ɗumi da lokaci kafin ya ɗaga kwaɓi. Sai kuma farin garin nan, bekin foda, wanda muke ce wa shimik, irin na Alsa mai takarda ruwan hoda, giram 11 ne a ciki kuma takarda ɗaya ta ishi rabin kilo na fulawa, shi ba ya jira, yana taɓa ruwa ya fara aiki ya ƙarasa a kan wuta. Makala da burodi na yis ne, gato da cincin na shimik. Shekarar da aka kawo ni gidan nan na aiki yaro ya sayo lebir, ya kawo na burodi, na zuba na ɗora nan take, ƙwai 6 na fasa ranar ga dangin miji suna hanya, abin da na sauke ya yi dam kamar tuwon da ya kwana. Tun daga ranar tsohuwar takardar nake ba yaro a hannu in ce ya nuna. Kuma kar ki ƙara shimik wai don ya fi tashi, zai kumbura fuu ya faɗa ta tsakiya ya bar ɗaci a harshe.

Shi yis ruwan zafi ne ke kashe shi. Ɗumin jiki yake so, wajen digiri 37, in kin tsoma yatsa kin ji ya cije ki to ya yi yawa, sirka. In kina shakkar wanda ya daɗe a buɗe, zuba ƙaramin cokali a ruwan ɗumi da ɗan suga, minti 10 in bai yi kumfa ba kar ki yi asarar fulawarki. Sannan a duba lokaci, a Maris da Afrilu da zafin garin nan ke wuce digiri 40 kwaɓi bai cika kai awa ɗaya ba ya ninka, in kika bar shi kika tafi kasuwa za ki dawo ki tarar ya yi tsami ya saki, irinsa ne ke shan mai. Da hunturu kuwa sai kin yi haƙuri, ki rufe da leda don iska kar ta busar da saman, ki ajiye kusa da murhu.

Awo kuma a daina yi da ido. Robar yawur ɗaya ta isa ma'aunin gato: yawur 1, suga 2, fulawa 3, mai rabi, ƙwai 3, shimik rabin takarda. In babu yawur kindirmo mai kauri yana yi sarai, ni na ma fi son shi. Mai ki sa wanda ba shi da ƙanshi, irin Diamaor na auduga, man gyaɗa na matsa yana danne ɗanɗanon. Fulawa a tankaɗe. Ƙwai ki fasa ɗaya-ɗaya a kofi kafin ki juye, da zafin nan bara-gurbi ɗaya ya isa ya ɓata kwano guda.

Wajen bugu da yawa muna juya abin. Ƙwai da suga su ake bugawa sosai har su yi fari su yi kumfa, amma da fulawa ta shiga sai a sassauta hannu, a juya a hankali har garin ya ɓace, shi ke nan. Alkama tana da danƙo, kina ƙara bugu yana ƙara tashi, shi ya sa gato ke fitowa da tauri yana ja kamar roba. Makala ce ke son danƙon, ita ki buga ta da hannu har sai kin gaji.

To sai wuta, inda aka fi yin kuka. Yawancinmu a tukunya da yashi muke gashi kuma yana fita lafiya lau in an bi shi. Yashin bakin Binuwai mai tsakuwa-tsakuwa ki wanke ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba kaurin yatsa uku, ki rufe tukunyar ta yi zafi kamar minti 15 kafin gwangwanin kwaɓin ya shiga, ba a sa kwaɓi a tukunya mai sanyi. Gawayi ya ruru ya zama garwashi tukuna, ba harshen wuta ba, ki bar kaɗan a ƙasa ki kwashe mai yawan ki baza a kan murfi, don abin da ke sa ƙasa ya yi baƙi tsakiya ɗanye ke nan, duk wutar tana gindi sama ba komai. Gwangwanin a shafe shi da mai a barbaɗa fulawa, kar a cika shi, ya ɗan wuce rabi kawai. Dan Allah kuma a bar leƙe, na san zuciya ba ta haƙuri ga yara sun zagaye ki suna "Mama ya yi?", amma minti 25 na farko in kika ɗaga murfi zafin ya fice gaton ya zauna, ba zai sake tashi ba. Sai kin ji ƙanshi ya cika tsakar gida sannan ki soka tsinke a tsakiya, ya fito fes to ki sauke. Mai oben ta kunna shi tun kafin ta gama kwaɓi, digiri 180, minti 35 zuwa 40.

Suyar makala ki gwada man da ɗan ɗigon kwaɓi, in ya nutse ya taso nan da nan yana tsuwa mai ya yi, in ya kwanta a ƙasa da saura, in man yana hayaƙi rage wuta don bayan zai yi ja cikin bai nuna ba. Kar ki cika kasko, suna yawa man ya huce su tsotse shi.

In kin sauke gato ki bar shi minti 10 a gwangwani kafin ki kife, kuma kar ki ɗaure shi a leda da zafinsa, gumi zai yi, in da damina ne kwana biyu ya yi fumfuna. Cincin ma sai ya huce sarai a faifai sannan a juye a bokiti mai murfi.