Kula da na'urar gano hayaƙi a gida da shago

Aikin wayarin nake yi a Kano, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in shiga shago in ga na'urar gano hayaƙi manne a silin, in buɗe in tarar ba batir a ciki. Sai mai shago ya ce wai damunsa take yi da ƙara. To, ɗan kukan nan da take yi kusan duk bayan minti ɗaya, batir ne ya yi sanyi. Sabo za ka sa mata, galibi mai 9V.

Sau ɗaya a wata ka danna maɓallin gwaji, ka riƙe har sai ta tsala ƙara. Ni farkon hunturu nake canza batirin tawa duk shekara, lokacin da ake yawan kunna hita da jin ɗumin rushi. A lokacin ne kuma ƙura ke toshe 'yan kafofinta, sai ka share su da buroshi mai laushi. Kada ka bari mai fenti ya shafe ta.

Idan turaren wutar uwargida ko hayaƙin girki ke tayar da ita, matsar da ita kamar mita 3 daga murhu. Juya bayanta ka duba ranar da aka ƙera ta. In ta cika shekara 10, sayi sabuwa ko da tana ƙara.

Ba ta jin iskar gubar janareta ko gawayi, wannan na'urarsa daban ce. Janareta kuwa waje ake ajiye shi, nesa da taga.