Yadda ake gyaran boris da sil na tayar tirela, da yadda ake ɗaure noti ba tare da an kashe boris ba

Kwana uku kafin Babbar Sallah wani dattijo ya kira ni daga hanyar Madina, gaba kaɗan da Rabig. Raguna ya ɗauko a 'yar tirelarsa mai aksil ɗaya. Yana cikin tafiya ya ji motar ta fizge shi, ko da ya duba madubi sai ga taya tana gudu ita kaɗai cikin yashi. Da na isa na tarar bakin aksil ya yi shuɗi kamar ƙarfen da aka ciro daga maƙera. Na ce, "Kawu, yaushe rabon a buɗe wannan hob ɗin?" Ya ce, "Ai makon jiya aka sa sabon boris, ɗana. Yaron ma sai da ya taka sifana da ƙafa don notin ya ɗauru da kyau." Ban ƙara tambayar komai ba. Takun nan shi ya cinye boris ɗin.

Tirelar da nake nufi ita ce ƙarama da matsakaiciya: ta dabbobi, ta janareta, ta tankin ruwa, da wadda ake jan ƙaramin jirgin ruwa da ita zuwa Abhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda. Taya tana zaune a kan hob, hob kuma yana juyawa a bakin aksil bisa boris biyu masu siffar mazurari, ɗaya ciki ɗaya waje, kowanne da kofinsa da aka dasa a jikin hob. Ta baya akwai sil, zoben ƙarfe mai leɓen roba da ke tsare giris, ya hana ƙura da ruwa shiga. Ta gaba akwai washa, noti mai giɓi-giɓi, fin, wato ɗan tsinken ƙarfe mai ƙafa biyu da ke hana notin kwancewa, sai hula. In ka shiga shagon kaya a sana'iyya, wato unguwar gareji, a nan Jidda, boris sunansa rumman bili, sil sufa, giris kuma shaham. Riƙe waɗannan ukun, za su rage maka nune-nune da hannu.

Kafin ka kwance komai, nemi ƙasa mai tauri, ka sa wa sauran tayoyin waigi, ka ɗaga da jak, ka tokare da ƙarfe ko katako mai kauri. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Juya tayar da hannu ka kasa kunne. Lafiyayyen boris shiru yake, wanda ya fara ci kuwa gurnani yake, kamar ana niƙa tsakuwa. Ɗora yatsa a kan sifirin ɗin tirelar, tayar tana juyawa. Abin da ya wuce kunne yatsa zai kama shi. Sai ka riƙe tayar sama da ƙasa ka girgiza. Ɗan motsin da da ƙyar ake jinsa daidai ne, amma in tana ƙwas-ƙwas to akwai magana. Leƙa ta baya kuma. Giris da ya fantsama cikin rim ya kama ƙura ya zama baƙar laka, shaidar sil ya saki ke nan.

Ko ba ka ji komai ba, kamfanin Dexter mai ƙera aksil ya ce a buɗe duk wata 12, ko bayan mil 12,000, wato wajen kilomita 19,000. Da irin ƙurarmu ni ba na jiran cikar wannan adadin. Tirelar da ambaliya ta taɓa kuwa ba ta da wani lissafi, buɗewa kawai ake yi. Bayan ruwan 24 ga Nuwamba, 2022, wanda ya mamaye titunan Jidda, hob da yawa da suka zo hannuna daga waje ƙalau suke, ciki kuwa kunu.

A yi aikin a inuwa, ranar da babu iskar ƙura. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ma doka ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, don haka bayan asuba ya fi. Cire taya. Buga gefen hula a hankali, zagaye-zagaye, har ta fito. Miƙe ƙafafun fin ka zare shi ka jefar, ba a maimaita shi. Kwance noti, cire washa, ka ja hob kaɗan ka mayar, boris na waje zai leƙo; tare shi da tafin hannu kada ya faɗa ƙasa. Ja hob ɗin gaba ɗaya. In mai birki ne kuma ya ƙi fitowa, sassauta birkin tukuna maimakon ka hau shi da guduma. Kifa shi a kan kwali mai tsabta, ka ɓanɓare sil, ka ɗauke boris na ciki. Kayan kowace taya su zauna daban, domin boris ya riga ya saba da kofinsa.

Kada ka yi saurin goge tsohon giris, shi ne zai ba ka labarin abin da ya faru. Murza shi tsakanin yatsu biyu a haske. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. In yana ƙyalli da ɗigon azurfa, ƙarfe ke ci. In ya bushe ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ne. In kana jin ƙasa-ƙasa, yashi ya bi ta sil ko ta hular da ta lotse.

Wanke komai da kananzir ko dizal da ɗan buroshi. Fetur a'a, wuta ba ta sallama. Akwai wata ɗabi'a ta yaran gareji, su sa iskar kwamfireso su wulwula busasshen boris yana kuka, suna dariya. Wannan wasan yana goge 'ya'yan boris, wato ƙananan ƙarafan da ke mirginawa a cikinsa, ba tare da mai ba, kuma kejin da ke riƙe da su yana iya tarwatsewa a fuskar mutum. Busar da shi kana riƙe da shi, kada ya juya.

Yanzu duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya kana juya su da babban yatsa, sannan ka bi cikin kofi da farce. Ramuka ƙanana, ɓarewar fatar ƙarfe, launin shuɗi ko ruwan zuma, layukan tsatsa da suka jeru daidai tazarar 'ya'yan, keji da ya lanƙwashe: ko ɗaya ka gani, boris ya gama aiki. Kuma ba a canza boris a bar tsohon kofi. Na san ana yi don a huta da bugu, amma kofin da ya ci zai sassaƙa sabon boris cikin 'yan watanni, ka biya kuɗi sau biyu. Ana fitar da kofi ta ɗaya ɓangaren da sandar ƙarfe, bugu kaɗan nan, kaɗan can, har ya sauko a miƙe. Wajen dasa sabo, kada guduma ta taɓa fuskar da 'ya'yan ke bi. In ba ka da abin dasawa, goge gefen tsohon kofin kaɗan da dutsen wuta don kada ya maƙale, ka ɗora shi a kan sabon ka buga. Da ya zauna ƙasa sautin bugun zai canza, ya koma tsantsan.

Lamba a rubuce take a jikin boris, da ita ake saye, ba da ido ba. Aksil ɗin Amurka mai ɗaukar fam 3,500, kusan kilo 1,600, yawanci L68149 ne a ciki, L44649 a waje. Ƙananan tirelolin da aka ƙera da awon milimita za ka ga irin su 30204, 30205 da 30206. Tafi da tsofaffin da sil ɗin a leda. Jabun boris masu sunan kamfanonin Timken, SKF da Koyo suna yawo a kasuwa, kwalinsu har ya fi na asali sheƙi. In farashi ya yi araha fiye da hankali, ajiye.

Giris kuma a nemi mai lamba NLGI 2, wato awon kaurinsa, wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na boris ɗin taya ne mai jure zafi. Masu shiga teku su sayi na ruwa. Launi ba ya nuna inganci, ja ko shuɗi rini ne kawai. Abin da za ka kiyaye shi ne haɗa iri biyu, domin wasu in sun gauraya sakewa suke su tsiyaye kamar man gyaɗa. Shi ya sa ake wanke tsohon tas.

Cika boris ba shafe ba ne. Ɗebi giris kamar girman ƙwai a tafin hagu, riƙe boris da dama, faffaɗan bakinsa yana ƙasa, ka riƙa dannawa a gefen giris ɗin kana ja, kamar mai kankare tuwo daga gefen kwano. Ci gaba a wuri ɗaya har giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan, sannan ka matsa gaba, har ka zagayo. Shafa wa kofuna, ka sa kaɗan a bangon cikin hob. Kada ka cushe ramin har baki, giris da ya yi yawa shi ma zafi yake jawowa, ya nemi hanyar fita ta sil.

Kafin ka sa sil, duba inda leɓensa ke zama a bakin aksil. In farce yana maƙalewa a wani zobe da tsohon sil ya sassaƙa, sabon ma zai yoyo. Tsatsa sama-sama ana goge ta da samfefa mai laushi; rami kuwa sai an saka siririyar rigar ƙarfe da ake sayarwa don haka, irin Speedi-Sleeve na SKF. Sa boris na ciki a kofinsa, ɗora sabon sil, leɓen da ɗan sifirinsa suna kallon giris, ka shimfiɗa katako a kai ka buga har ya yi daidai da bakin hob. Sil da ya karkace ko kaɗan, cire shi ka sa wani. Shafa giris a leɓen, ka zura hob a miƙe, kada zaren aksil ya yage robar. In giris ya riga ya jiƙa takalmin birki, wanki ba ya fitar da shi, canzawa ake yi.

Sai boris na waje, washa, noti. Nan ne aka kashe boris ɗin Kawu, don haka bi a hankali. Ɗaure notin da sifana kana juya hob da ɗaya hannun, har wajen Nm 68, wato awon ƙarfin ɗauri, in kana da sifana mai awo. Wannan ɗaurin na zaunar da boris ne kawai, ya matse giris ɗin da ya tsaya tsakani. Daga nan daina juya hob. Sassauta notin har ya saki gaba ɗaya, ka sake ɗaure shi da yatsu kaɗai har ya taɓa. Duba ko ramin fin ya dace da wani giɓi. In bai dace ba, koma baya zuwa giɓi na farko da ya dace. Baya, ba gaba ba. Zura sabon fin, ka lanƙwasa ƙafafunsa. In ka yi daidai, notin zai ɗan motsa a yatsunka, fin ne kaɗai ke riƙe da shi.

Mutane da yawa hankalinsu ba ya kwanciya da wannan, gani suke taya za ta fita. Ba ta fita, aikin fin ke nan. Sararin da ake so ya rage tsakanin milimita 0.025 ne zuwa 0.127, kusan kaurin silin gashi. Dalili kuwa, ƙarfe yana kumbura in ya yi zafi. Boris mai siffar mazurari in aka matse shi tun yana sanyi, da ya hau kwalta a watan Yuli ba shi da inda zai numfasa: giris ya matse daga tsakanin 'ya'ya da kofi, ƙarfe ya hau ƙarfe, zafi ya ƙaru, ya ƙara kumbura, har ya manne da aksil. Sakin da ya wuce kima shi ma ɓarna ne, taya tana lilo tana cin sil, amma wannan yana ba ka gargaɗi da ƙara. Matsi ba ya gargaɗi.

Manyan tirelolin da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Jidda lissafinsu ya ɗan bambanta. Masu noti biyu ana fara ɗaure na ciki wajen Nm 270 ana juya taya, a koma baya zagaye ɗaya, a sake ɗaurewa zuwa 68, a sassauta gwargwadon zaren aksil ɗin, a kulle da na waje, sannan a auna sararin da agogon awo. Da yawansu ma mai suke sha ba giris ba, ana duba shi ta tagar hula. Akwai kuma boris rufaffe guda ɗaya da ke zuwa a wasu aksil na Turai, wanda ba a wanke shi, ba a ƙara masa giris, sai dai a canza shi ɗungurungum. Shi notinsa da ƙarfi ake ɗaure shi, bisa adadin da littafinsa ya faɗa. Tabbatar da irin naka kafin ka kama sifana.

Mayar da hula, in ta lotse sayi sabuwa. Ɗaure notocin taya a gicciye, ka sake bin su bayan kilomita 15, da 40, da 80. A tsayawar farko kai bayan hannu kusa da kowane hob. Ɗumi daidai ne. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi sosai shi ne abin tuhuma, sai dai ka tuna ɓangaren da rana ke duka yakan ɗara, kuma birkin da ke kamawa shi ma yana gasa hob.

Masu zuwa Abhur, kada ku tura tirela cikin teku kuna isowa. Hob mai zafi in ya shiga ruwa iskar cikinsa tana tsukewa, ya tsotso ruwan gishiri ta leɓen sil. A ba shi kamar minti 20 ya huce, a sha shayi. Hob mai nonon giris kuma a riƙa tura masa da famfon hannu a hankali ana juya taya, don matsi da yawa yana ture sil ta baya.

Mai doguwar hanya, irin Jidda zuwa Madina da ta haura kilomita 400, ya ajiye boris biyu da aka riga aka cika da giris a ƙulle cikin leda, da kofunansu, da sil ɗaya, da fin biyu, da noti da washa. Duka gwangwanin madara ɗaya yana ɗauke su, ya shige ƙarƙashin kujera.